Babu usur, babu kayarwa: nazarin shekara 64 na John Gagliardi a bakin fili

Ranar 8 ga Nuwamba, 2003, cikin irin sanyin nan da ke sa haƙora kaɗawa, mutum sama da 13,000 suka yi dafifi a wani ɗan filin wasa da dogayen itatuwa suka kewaye, a Collegeville da ke jihar Minesota, can arewacin Amurka. Kwalejin Saint John's ce ta karɓi baƙuncin kwalejin Bethel, kuma da ƙyar da jiɓin goshi masu gida suka sha da ci 29 da 26. A gefen fili akwai wani dattijo ɗan shekara 77, sanye da tabarau da ƙatuwar rigar sanyi. Wannan nasara ita ce ta 409 a rayuwarsa ta horar da 'yan wasa. Da ita ya wuce Eddie Robinson na jami'ar Grambling mai 408, ya zama kocin da ya fi kowa yawan nasara a tarihin ƙwallon Amurka ta kwalejoji. Sunansa John Gagliardi, amma a baki "Galardi" ake cewa.

Kafin ya ajiye aiki a 2012 ya kai nasara 489, an doke shi sau 138, an tashi canjaras sau 11. Har yau babu wanda ya kamo shi. Sai dai yawan ba shi ne ya sa na ɗauko wannan lamari ba. Abin da ya ja hankalina shi ne hanyar. Kusan duk abin da masu horarwa na zamaninsa suka ɗauka wajibi ne, shi ya soke shi, kuma bai daina cin wasa ba. Mutane da yawa suna ba da labarinsa kamar na wani dattijon arziki mai sanyin hali da ya tausaya wa yara. Ni a ganina wannan rabin labari ne. Mutumin ɗan lissafi ne da ya tsani a doke shi.

Wasan da kuma matakin da ake magana a kai

Ga wanda bai saba da wasan ba: ko da yake Amurkawa na kiran sa ƙwallon ƙafa, ya fi kama da zari-ruga. Mutum 11 ne a kowane ɓangare, ƙwallon kuma doguwa ce mai tsini biyu. Masu kai hari suna da dama huɗu su ci gaba da yadi 10. In sun ci sai a sabunta musu damar, in sun kasa ƙwallo ta koma hannun abokan karawa. Wanda ya kai ta ƙarshen fili ya ci maki 6, wanda ya buga ta tsakanin sanduna ya ci 3. Yadda ake tsayar da mai ƙwallo shi ne a rungumo shi a maka da ƙasa, shi ya sa kowa ke sanye da hular kwano da sulken kafaɗa. Kakar wasa gajera ce, daga Satumba zuwa Nuwamba, wasa ɗaya a mako, galibi ranar Asabar. A farkon aikin Gagliardi wasa 8 ko 9 ake yi a shekara, daga baya 10, sai in an tsallaka gasar ƙasa. Ka lissafa da kanka: ko da mutum zai ci wasa 10 kowace shekara ba fashi, sai ya shekara 49 kafin ya wuce 489.

Kwalejojin kuma hawa-hawa ne. A sama akwai manyan jami'o'i irin su Alabama da Michigan, masu filayen da ke cin mutum 100,000, inda koci ke ɗaukar miliyoyin daloli. A ƙasa akwai rukuni na uku na NCAA, babbar hukumar wasannin kwalejojin Amurka, rukunin da aka kafa a 1973, inda doka ta hana a ba ɗalibi tallafin karatu don ya iya wasa. Ɗan wasa a nan shi da iyayensa ke neman kuɗin makaranta kamar kowa, kuma ya san bayan shekara huɗu zai tafi ya zama malami ko akanta ko likita. A wannan ƙasan Gagliardi ya ƙare rayuwarsa. Kafin kafa rukunin, kwalejinsa na fafatawa ne a gasar ƙasa ta wata hukumar ƙananan kwalejoji mai suna NAIA.

Yaron da ya gaji kocinsa

An haife shi ranar 1 ga Nuwamba, 1926, a Trinidad, wani garin masu haƙar kwal a kudancin jihar Kolorado. Iyayensa baƙi ne daga Italiya, mahaifinsa kuma yana da garejin gyaran jikin mota. A 1943, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, aka kira kocin makarantar sakandarensu ta Katolika aikin soja. Makaranta ta yi niyyar rufe wasan gaba ɗaya. Gagliardi, kyaftin ɗin ƙungiya mai shekara 16, ya roƙa a bar shi ya riƙe. Aka bar shi.

Nan ne tushen komai. Bai taɓa zama mataimakin wani koci ba, don haka babu wanda ya ɗora masa "haka muka tarar". Abin da ya sani shi ne abin da jikinsa ya ɗanɗana a matsayin ɗan wasa, sai ya fara zubar da duk abin da ya tsana. A wancan zamani an yi imani cewa shan ruwa a lokacin atisaye yana kashe wa ɗan wasa jiki, don haka ana hana shi. Shi ya ce kowa ya sha. Ya soke gudun zagaye fili, ya soke motsa jikin da ake yi don wahalarwa kawai. Akwai kuma wani dalili da ba a cika faɗa ba: yaro ɗan shekara 16 ba shi da bakin daka wa sa'o'insa tsawa. Ko ya shawo kansu da hujja, ko su watse su bar shi. Ƙungiyar ta ci gasar yankinta. Ya ci gaba da horar da 'yan sakandare har lokacin da yake karatu a Kwalejin Kolorado, inda ya kammala a 1949.

Daga nan ya tafi kwalejin Carroll da ke Helena a jihar Montana. A shekara huɗu ya ci wasa 24, aka doke shi 6, canjaras 1, ya ɗauki kofin gasar kwalejojin yankinsu sau uku. Wannan ya sa aka ji labarinsa a Minesota.

Saint John's makarantar maza ce da 'yan zuhudun Katolika na ɗarikar Benedict suka kafa a 1857, a cikin daji da tafkuna kusa da birnin St. Cloud. (Ga masu sha'awar tarihin yankinmu: a harabar nan ne ɗakin adana rubuce-rubucen da ya taimaka aka ɗauki hotunan dubban littattafan Timbuktu bayan rikicin Mali yake.) Wanda Gagliardi ya gada a 1953 ba ƙaramin mutum ba ne, Johnny Blood McNally ne, tsohon tauraron ƙungiyar ƙwararru ta Green Bay Packers. Da zai tafi ya gaya wa sabon kocin cewa babu mai iya cin wasa a wannan wuri. A shekarar farko Gagliardi ya ɗauki kofin rukunin kwalejojin Minesota. Ya zauna shekara 60. Masu bin gasar Firimiya su auna da Alex Ferguson, wanda shekara 26 da ya yi a Manchester United ake ba da labari. Ko rabi bai kai ba. Gagliardi yakan yi barkwanci cewa da ya zo ya san 'yan zuhudun sun ɗauki alkawarin zaman talauci, abin da bai sani ba shi ne har da kocin ƙwallo a ciki. A shekarun farko har ƙungiyar hoki ta kan ƙanƙara da ta guje-guje aka haɗa masa.

Jerin "babu"

Tsarin nasa ya shahara da sunan cin nasara da "babu". Jeri ne da ya yi ta ƙaruwa har ya haura abu 100. Babu usur. Babu kiran sa koci. Ɗan shekara 18 da ya shigo jiya "John" zai ce wa dattijo sa'an kakansa. Babu atisayen da ya wuce minti 90. Babu tilasta ɗaga ƙarfe. Babu keken ƙarfen nan mai nauyi da 'yan wasa ke turawa da kafaɗa, babu buhunan da ake tsayarwa kamar mutum ana kai musu karo. Babu korar kowa daga ƙungiya don bai iya ba, shi ya sa wasu shekarun 'yan wasansa kan doshi 200, har mutum biyu su riƙa saka lamba ɗaya. Babu zaɓen kyaftin: duk ɗan ajin ƙarshe kyaftin ne, kuma dalilin da ya bayar shi ne kowa ya samu abin rubutawa a takardar neman aiki. Babu cin zalin sababbin shiga. Babu rawa da tsalle bayan an ci maki, ka miƙa wa alƙalin wasa ƙwallo ka koma wurinka. In ana ruwa, ko rana ta yi zafi, ko ƙwari sun taso daga tafki, sai a koma cikin ɗaki a yi atisayen a can.

Motsa jikin farko ma wasa suka mai da shi. Ka ga ƙarti sama da 100 a jere, maimakon tsallen kwaɗo sai kowa ya kama fatar kunnensa yana ja. Can kuma sai duk su kwanta rigingine a kan ciyawa suna kallon sama, kowa ya juya ya ce wa na kusa da shi yau rana ta yi kyau. An gama ke nan. Baƙon da ya zo kallo zai ɗauka bikin sauka ake yi, ba shirin wasan Asabar ba.

Amma babbar "babu" ɗin, wadda ta fi ba sauran masu horarwa mamaki, ita ce babu kayarwa a atisaye. A wasan da ginshiƙinsa shi ne a kayar da mutum, shi ya ce daga Litinin zuwa Juma'a kada wanda ya kai wani ƙasa. Tun a shekarun 1950 ya yanke wannan hukunci, bayan wani gwaninsa ya ji rauni a hannun abokin wasansa a atisaye.

Sai an dubi zamanin sannan za a ga girman abin. A 1954, shekara ɗaya bayan zuwan Gagliardi Collegeville, fitaccen koci Bear Bryant ya kwashi 'yan wasan jami'ar Texas A&M zuwa wani ƙauye mai suna Junction, cikin fari da zafin rana, ya yi ta gasa musu aya a hannu ba ruwan sha, har fiye da rabinsu suka gudu. A shekarar wasa ɗaya tak suka ci cikin 10. Duk da haka wannan sansani shi ya zama abin alfahari da ake ba da labari a Amurka, don a tunanin mutane wahala ce ke ƙera namiji. Kuma tunanin bai mutu da wuri ba. A Agustan 2001, a wannan jiha ta Minesota, zafin rana ya kashe Korey Stringer na ƙungiyar ƙwararru ta Vikings a sansanin atisaye.

Me ya sa abin ya yi aiki

A nan nake ganin ana yawan kuskuren fahimta. In ka cire kayarwa da gudu da ɗaga ƙarfe da tsawa, me ya rage a cikin minti 90? Maimaici. 'Yan wasansa suna jera dabarun da za su yi amfani da su ranar Asabar, su yi, su sake, su kuma sakewa, a gaban irin tsayuwar da ake sa ran abokan karawa za su yi. Tunda babu wanda ake tarawa a kansa a ƙasa, babu ɓata lokacin tashi da kakkaɓe jiki da ɗauke wanda ya ji ciwo, don haka a sa'a ɗaya suna maimaita abin da wasu ba za su yi rabinsa ba. Kowa ya san wanda zai tare, ya san inda zai sa ƙafa. Kirarin da yake yi wa tsarin shi ne talakawan 'yan wasa masu yin abubuwan yau da kullum da ƙwarewar da ta wuce ta yau da kullum.

Lissafin kayarwar ma mai sauƙi ne. Yaron da ya iso kwaleji ya riga ya shekara huɗu ko fiye yana kayar da mutane a sakandare. In bai iya ba zuwa yanzu, Laraba ba za ta koya masa ba. Raunin da aka ji a atisaye kuwa asara ce tsantsa, domin naka ne ya karya naka. Babbar jami'a in gwaninta ya karye tana da wani gwanin da ta ɗauko da tallafin karatu. Shi ba shi da wannan. Ɗan mai gyaran mota ya san ba a gwara motoci biyu don a gwada ƙarfin ƙarfensu. Haka kuma zuwa ƙarshen Nuwamba, lokacin da sauran ƙungiyoyi suka zama gurgu da makaho, nasa suna nan da sauran kuzari.

Rashin kora kuma ba sadaka ba ce. Ɗalibin da ba a biyansa, kuma yana da jarrabawar kimiyya gobe, ranar da wasa ya zame masa azaba zai ajiye hula ya tafi, babu abin da zai rasa. Gagliardi ya gane cewa abin da kawai zai riƙe irin wannan yaro shi ne daɗi. Da ya riƙe su da yawa sai ya samu riba biyu. Ta farko, wanda ya shigo siriri ɗan shekara 18 yana iya zama ƙato a shekara 21, kuma yana nan bai tafi ba. Ta biyu, in mutum biyar ko shida na jiran wurinka, ba ka buƙatar koci ya tilasta maka shiga ɗakin ɗaga ƙarfe. Da ƙafarka za ka je. Tsoron benci ya yi aikin da usur ke yi a wasu wurare.

Sannan akwai abin da masu ba da labarin dattijon kirki suke tsallakewa: zaman kallon fim ɗin wasa. Gagliardi kan shafe sa'o'i yana mayar da hoto baya yana sake kallo, kuma a gaban 'yan wasa ba ya rufa wa kuskure asiri. Wanda ya tare mutumin da ba nasa ba zai ga kansa a allo sau da yawa, kowa na kallo. Ba ya zagi, amma harshensa na da kaifi. Shan kaye kuma yakan ci masa rai na kwanaki. Ya kan bar mai jefa ƙwallonsa ya zaɓi dabarar da za a buga a cikin fili, abin da yawancin masu horarwa ba sa yarda da shi. To amma wanda aka ba wannan 'yanci ya san zaman kallon fim na nan zuwa.

Abin da fili ya nuna

Gani ya kori ji. A 1963 Saint John's ta je Sacramento ta kara da Prairie View A&M, jami'ar baƙaƙen fata daga Teksas, wadda ke da 'yan wasa irin su Otis Taylor da daga baya ya yi suna a Kansas City Chiefs. Yaran dajin Minesota suka ci 33 da 27, suka ɗauki kofin ƙasa na NAIA. A 1965 suka sake ɗauka, bayan sun lallasa Linfield 33 da nema. A 1976, a ƙarƙashin NCAA, suna gaban Towson State da 28 ba ko ɗaya, sai ga Towson ta rama duka 28 ɗin a zubi na huɗu, wato na ƙarshe. Bugun sanduna a daƙiƙun ƙarshe ne ya cece su, aka tashi 31 da 28.

Daga nan sai fari ya sauka, na shekara 27. Suna ta ɗaukar kofin rukuninsu na Minesota, amma na ƙasa ya gagara. A 1993 sun yi ƙungiyar da a wasannin kaka take cin maki sama da 60 a kowane wasa, sai suka haɗu da Mount Union ta jihar Ohio a wasan kusa da na ƙarshe, aka yi musu 56 da 8. A 2000 suka kai wasan ƙarshe, Mount Union ta sake fitar da su 10 da 7. Masu suka suka samu bakin magana: tsarin "babu" na iya cin maƙwabta, amma in an gamu da ƙarti na gaskiya sai ya narke.

Amsar ta zo makonni shida bayan wancan wasa da Bethel. A Disamban 2003, a garin Salem na jihar Virginia, aka sake haɗuwa da Mount Union a wasan ƙarshe. Mount Union ta zo da nasara 55 a jere, mako ɗaya kafin nan ta yi wa Bridgewater 66 da nema. Kusan babu wanda ya ba Saint John's ko da ƙwayar fata. Sai ga shi yaran da ba sa kayarwa a atisaye su ne suka yi ta kayarwa. Maki 6 kacal suka bari aka ci su. Blake Elliott, gwanin cafke ƙwallonsu, ya tsere da doguwar gudu ya ci maki a zubin ƙarshe. Da Mount Union ta matso har bakin layi tana neman farfaɗowa, Mike Zauhar ya cafke ƙwallon da aka jefa, ya zura da ita tsawon fili gaba ɗaya, yadi 100. Aka tashi 24 da 6. Saint John's ta gama shekarar da wasa 14 ba a doke ta ba. Wani abin sha'awa, kyautar gwarzon ɗan wasan rukuni na uku, wadda tun 1993 ake kiranta da sunan Gagliardi, a wannan shekarar Elliott ne ya karɓe ta. A 2006 aka shigar da kocin zauren girmamawa na ƙwallon kwalejoji alhali yana kan aiki.

Inda hujjar ta yi rauni

Adalci ya sa a faɗi ɗaya gefen. Larry Kehres, kocin Mount Union ɗin nan, ya yi shekara 27 ne kawai, amma ya ɗauki kofin ƙasa 11, ya ci wasa 332 aka doke shi 24. Kashi kusan 93 cikin 100 ke nan, na Gagliardi kuwa kusan 78. A mataki ɗaya suke, ƙarƙashin doka ɗaya, kuma Kehres bai bi jerin "babu" ba. Don haka ba za a ce hanyar Gagliardi ce mafi kyau ba. Abin da za a iya cewa shi ne ta isa a kai ƙololuwa da ita, kuma wahalar da wasu ke cewa dole ce ashe ba dole ba ce. Babban rabo na 489 ɗin kuma daɗewa ce ta kawo shi. Sai dai daɗewar ma ba banza ba: shekara biyu kacal a cikin 60 ya gama da shan kaye fiye da nasara, ta ƙarshe a 1967.

Akwai kuma batun wuri. Saint John's tana tsakiyar yankin da Katolika ke da yawa, tsofaffin ɗalibai na turo 'ya'yansu, malaman sakandare da suka buga masa wasa na turo gwanayensu. Nasara ta jawo yara, yara suka jawo nasara. 'Yan zuhudun kuma mutane ne da ke auna lokaci da ƙarni, ba su da gaggawar shugaban kulob. Sabon kocin da zai je wata makaranta ya soke kayarwa, sannan a doke shi sau huɗu a jere, ba zai ga shekara ta biyu ba, kuma kowa zai ce ai ga dalili. Gagliardi ya ci wasa tun shekarar farko, shi ya saya masa 'yancin yin abin da ya ga dama. Shi ya sa masu horarwa suka yi ta zuwa Collegeville kallo, suna rubutu a littafi, su koma gida su ci gaba da busa usur. Daga cikin 'yan kaɗan da suka ɗauki tsarin da gaske akwai tsohon ɗan wasansa Mike Grant, wanda ya ɗauki kofunan jiha da dama da makarantar sakandaren Eden Prairie.

Ƙarshen aikin nasa ma bai zo da daɗi ba. Babbar abokiyar hamayyarsu, St. Thomas da ke birnin St. Paul, ta ɗauko matashin koci Glenn Caruso a 2008, ta zuba kuɗi a gine-ginen wasanni, ta shiga zawarcin 'yan wasa gida-gida, abin da Gagliardi bai taɓa so ba. Kofin rukunin Minesota na 2009, na 27 a Saint John's, shi ne nasa na ƙarshe. A 2011 St. Thomas ta yi musu 63 da 7. A 2012 suka ci 5 aka ci su 5. Kiɗa ya canza, kuma dattijo ɗan shekara 86 ba zai koyi sabuwar rawa ba. A watan Nuwamba ya sanar da ajiye aiki, mataimakinsa kuma tsohon ɗan wasansa Gary Fasching ya gaje shi.

Abin da likitoci suka zo da shi

Wani ɓangare na hujjarsa ba a fili aka tabbatar da shi ba, a ɗakin binciken gawa ne, kuma ɗan Najeriya ne ya buɗe ƙofar. A 2002, Dakta Bennet Omalu, ɗan asalin jihar Anambra da ke aiki a Pittsburgh, ya binciki ƙwaƙwalwar marigayi Mike Webster, tsohon ɗan wasan Steelers, ya gano lalacewar da yawan buguwar kai ke haddasawa, cutar da ake kira CTE. Ya wallafa sakamakon a 2005. Binciken da ya biyo baya ya nuna ba babban karo kaɗai ne matsala ba, har da ƙananan buguwa da ke taruwa a shekaru, kuma kaso mai yawa na waɗannan a atisaye ake samun su, tunda kwanakin atisaye sun ninka na wasa.

Daga nan aka fara bin sawun da Gagliardi ya taka tun shekarun 1950. Buddy Teevens na kwalejin Dartmouth ya hana 'yan wasansa kayar da juna a atisaye. Yarjejeniyar da gasar ƙwararru ta NFL ta ƙulla da 'yan wasa a 2011 ta taƙaita atisaye da cikakken sulke zuwa 14 a kakar wasa. A 2016 masu horarwa na rukunin Ivy, su Harvard da Yale, suka amince su daina cikakkiyar kayarwa a atisayen kaka. Ba zan ce Gagliardi ya hango cutar ƙwaƙwalwa ba. Shi gwiwa da idon sawun gwanayensa yake tsaro don su kai masa Asabar. Amma ɗaruruwan mutanen da suka buga masa wasa sun fita da buguwar kai da ba ta kai ta takwarorinsu ba, ko da wace niyya aka yi.

Ya rasu ranar 7 ga Oktoba, 2018, yana da shekara 91. Asabar ɗin da ta biyo baya St. Thomas ce ta zo Collegeville, ga fili ya cika maƙil da jajayen riguna, Saint John's ta ci 40 da 20. Bayan kwana biyu aka yi masa addu'ar jana'iza a majami'ar 'yan zuhudun, 'yar tafiya kaɗan daga filin.